Na'ura Mai Amsa Waya: A Tilasta Mata Ta Faɗi Ko Ita Wace Ce

Tun da wayar tarho ta shigo ƙasar nan, tambayar farko da ake yi in an ɗauka ita ce, "Wa ke magana?" Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan tambaya a kan rashin ladabi, domin mutum ba ya buɗe cikinsa ga wanda bai sani ba, balle a kan maganar kuɗi. Daga zamanin da sai an je gidan waya an bi layi kafin a sami Kano ko Sakkwato, zuwa zamanin NITEL, har zuwa 2001 da wayar hannu ta zo ta game gari, ko wane ne ya ɗauka dai an san ɗan Adam ne. Yanzu wannan tabbaci ya fara gushewa. Kamfanoni da yawa a Amurka da Turai, tun daga manyan bankuna har ɗakin likitan haƙori da gidan abinci, sun sa na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta riƙa amsa musu waya, kuma muryarta da lafazinta sun kai inda mai kira zai iya gama magana ya ajiye bai san da ƙarfe ya yi hira ba.

Kada a haɗa ta da tsohuwar muryar nan da aka saba ji a layin kamfanonin waya, mai cewa a danna ɗaya ko a danna biyu. Waccan faifai ce, ba ta ruɗin kowa. Wannan sabuwa kuwa tana sauraron abin da mai kira ya faɗa ta mai da shi rubutu, ta miƙa rubutun ga wata babbar kwamfuta da aka horar da ɗimbin zantukan mutane, ita kuma ta tsara amsa, sa'an nan a mai da amsar murya. Duk wannan cikin kamar daƙiƙa ɗaya. Tana gaisuwa, tana ba da haƙuri, tana faɗin farashi, tana sa ranar ganin likita. Wani lokaci kuma takan shirya abin da babu shi ta faɗa da cikakken ƙarfin gwiwa, domin ita aikinta tsara magana mai kama da gaskiya, ba ta da kunyar a kama ta da ƙarya.

Masu ƙera ta ne suka fara tayar da ƙurar da kansu. A watan Mayu 2018 kamfanin Google ya nuna wa duniya wata na'ura mai suna Duplex, aka sa ta buga waya wani shagon gyaran gashi ta nemi a sa mata rana. Har ɗan jinkirin nan da gunagunin da mutum kan yi in yana tunani an koya mata, matar da ta ɗauka kuwa ba ta nuna alamar ta gane ba. A ɗakin taron an yi tafi. A waje mutane suka yi caa, suna tambaya, don me za a koya wa na'ura yin gyaran murya in ba don a ɓad da kama ba? Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya ba da sanarwa cewa na'urar za ta riƙa bayyana kanta a farkon magana.

Alkawarin kamfani dai alkawari ne kawai, ranar da ya ga dama sai ya sake shawara. Shi ya sa hukumomi suka shigo. Jihar Kalifoniya ta yi doka wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2019, ta hana a yi amfani da irin wannan na'ura a intanet a ɓoye cewa na'ura ce don a sa mutum ya sayi kaya ko a karkata ƙuri'arsa. Amma abin da ya girgiza Amurka sosai ya faru ne a Janairu 2024, ana gab da zaɓen fid da gwani a Jihar Niyu Hamsha, lokacin da dubban mutane suka sami kira da murya irin ta Shugaba Joe Biden ana ce musu kada su fita zaɓe. Muryar ta jabu ce. Ranar 8 ga Fabrairu 2024 hukumar sadarwa ta ƙasar, watau FCC, ta yanke cewa muryar da na'ura ta ƙirƙira ta shiga ƙarƙashin tsohuwar dokar 1991 mai kare masu waya daga kiran talla. A wannan doka sai da yardar mutum ake kiransa da irin wannan murya, dole a faɗi sunan kamfanin da ya kira tun a farko, kuma wanda aka kira ba bisa ƙa'ida ba yana iya neman dala 500 a kan kowane kira, ko 1,500 in da gangan aka yi. Wanda ya shirya kiran jabun an ci shi tarar dala miliyan 6, kamfanin wayar da ya isar da kiran kuma ya yarda ya biya miliyan 1.

To amma a lura da wani giɓi. Dokar 1991 ta fi kula da kiran da kamfani ya yi wa mutum. In mutum ne da kansa ya buga wa kamfani na'ura ta ɗauka, maganar ta sake, tun da ba a ce an dame shi ba, shi ya kawo kansa. Alhali kuwa a nan ne ya fi rauni. Wanda aka kira don talla yana iya kashe waya ya ci gaba da harkarsa. Wanda ya buga don kuɗinsa sun maƙale, ko kayansa ba su iso ba, ko ɗansa ba lafiya, ba ya da zaɓi sai ya saurara, kuma duk abin da aka tambaye shi zai faɗa.

Jihar Yuta ce ta fara taɓa wannan giɓi. Dokarta da ta fara aiki ranar 1 ga Mayu 2024 ta ce in mutum ya tambaya ko da na'ura yake magana, dole a gaya masa gaskiya, masu sana'ar da ke buƙatar lasin irin su likitoci kuma su faɗa tun ba a tambaye su ba, tarar kowane saɓo tana iya kaiwa dala 2,500. A 2025 an sassauta ta, aka taƙaita tilascin faɗa tun farko ga al'amura masu haɗari kamar lafiya da kuɗi da shari'a. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta fi kowa fitowa fili. Babbar dokarta ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ta shiga littafi ranar 1 ga Agusta 2024, ta ce a sashe na 50 duk na'urar da aka yi don ta yi hulɗa da mutane kai tsaye sai an tsara ta yadda mutum zai san da na'ura yake hulɗa, sai fa in abin a bayyane yake ga kowane mai hankali. An sa wa wannan sashe ranar 2 ga Agusta 2026, tararsa kuwa tana iya kaiwa yuro miliyan 15 ko kashi 3 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya baki ɗaya. Tsarin Turai ya fi na Yuta adalci, dalili kuwa a fili yake: wanda bai taɓa jin cewa na'ura tana iya magana haka ba, ina zai yi tunanin ya tambaya?

Akwai kuma maganar naɗe murya, wadda ta girmi duk waɗannan dokoki. Na'urar ba ta iya aiki sai ta ɗauki abin da aka faɗa, sau da yawa kuma kamfanin da aka buga wa ba shi ke riƙe da ita ba, hayarta ya yi daga wani kamfani, muryar mai kira tana tafiya wata ƙasa ta dawo. Watau akwai kunne na uku a kan layi. A Kalifoniya tun 1967 doka ta hana naɗe maganar sirri sai kowa ya yarda, kuma wanda aka yi wa haka yana iya neman dala 5,000. Jihar Ilinoi tun 2008 ta sa tambarin muryar mutum a jeri ɗaya da zanen yatsarsa, ba a ɗauka sai da izninsa a rubuce.

Shari'ar da ta fi dacewa 'yan kasuwa su yi nazari a kanta ƙarama ce, kuɗin da ke cikinta ma ba su kai a yi magana ba. A Nuwamba 2022 kakar wani mutum a Kanada ta rasu, ya shiga neman tikitin jirgi don ya je jana'iza. Ya tambayi na'urar da kamfanin Air Canada ya sa tana amsa tambayoyi a rubuce, ta ce masa ya sayi tikiti a cikakken farashi, daga baya cikin kwana 90 ya nemi rangwamen da ake yi wa masu zaman makoki. Ya saya, ya je, ya dawo ya nema, kamfani ya ce ƙa'idarsa ba ta yarda da neman rangwame bayan tafiya ba. Da aka je gaban kotun ƙananan ƙararraki ta lardin Birtish Kolambiya, sai kamfanin ya kawo wata hujja mai ban mamaki, wai na'urar wata aba ce dabam mai ɗaukar alhakin kanta, kuma ai ƙa'idar gaskiya tana rubuce a wani shafi, da mutumin ya duba da ya gani. A Fabrairu 2024 kotu ta yi watsi da wannan, ta ce ba hakkin mai saye ba ne ya riƙa auna wane ɓangare na bakin kamfani ne mai gaskiya, ta sa a biya shi dalar Kanada 812 har da kuɗin ƙara. Duk wanda ya taɓa zama a rumfa ya san wannan hukunci tun kafin alƙali ya faɗa. In maigida ya bar yaro a kanti, yaro ya sallama kaya a kan wani farashi, maigida ba ya bin mai saye har gida ya ce yaron ba da bakinsa ya yi magana ba. Ya ja wa yaronsa kunne in ya so, amma ciniki ya faɗa. Na'ura yaron kanti ce da aka saya da kuɗi, maganarta maganar mai ita ce. Dokar Yuta ma ta faɗi haka ƙarara, cewa kamfani ba zai kare kansa da cewa na'ura ce ta yi ba.

Mai karatu da ke Agege ko Sabon Badun ko Shagamu ko Fatakwal yana iya cewa wannan rigimar Turawa ce. Ba ta yi nisa haka ba. Tun Janairu 2018 bankin UBA ya fito da Leo, mai amsa tambayoyi a rubuce ta Facebook, wasu bankuna suka bi sahu, daga rubutu zuwa murya kuwa taki ɗaya ne. A Satumba 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, wata irin wannan kwamfuta da aka horar da Hausa da Yarbanci da harshen Ibo da Turancin 'yan Nijeriya. Ranar da za a buga waya a ji an amsa da "Barka da yamma, Alhaji" cikin Hausa tsantsa, alhali ba Bahaushe a wurin, ta kusa. Kuma ba wanda rayuwarsa ta rataya a kan waya kamar ɗan Arewa mazaunin Kudu. Da ita yake aika kuɗin cefane gida, da ita yake bin sawun motar tumatir ko albasa ko shanu daga Arewa har ta iso kasuwar Mil 12, da ita mai goro yake ƙulla cinikin da babu takarda ko ɗaya a cikinsa, sai amana da sanin murya. Mutumin da ke cikin baƙin harshe in ya ji an yi masa Hausa, nan take zuciyarsa ke sakewa, ya faɗi abin da ba zai faɗa wa baƙo ba. A ce misali ya buga wa kamfanin sufuri an gaya masa kuɗin ɗaukar kaya kaza ne, mota za ta tashi Laraba, ya je ya tarar kuɗin ya ninka, motar kuma sai Asabar, tumatir ya fara ruɓa. Wa zai kama? Da mutum ne, ya riƙe sunansa. In na'ura ce da ta kira kanta da sunan mutum, sai a ce masa babu mai wannan suna a nan.

Ba a ce Nijeriya ba ta da doka ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci maganar tarho da sunanta a cikin abubuwan sirri da ya kare. Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2023, ta kafa hukumar NDPC, ta wajabta wa duk mai karɓar bayanin mutum ya gaya masa ko shi wane ne, da abin da zai yi da bayanin, da wanda zai miƙa wa, ta kuma sa sharuɗɗa a kan fitar da bayani ƙasar waje. Ta ba mutum ikon ya ƙi hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa in hukuncin mai nauyi ne, ya nemi ɗan Adam ya duba. Manyan kamfanoni da suka saɓa ana iya cinsu naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ƙanana kuma daga naira miliyan 2. Hukumar ta nuna tana da haƙora, domin a 2024 ta sa wa wani banki tarar sama da naira miliyan 555. Ga kuma dokar kare masu saye ta 2018 da ta kafa FCCPC, wadda ta haramta yaudara a ciniki, ta ce a ba mai saye bayani cikin harshe mai sauƙi da zai fahimta.

Sai dai duk cikin waɗannan babu wadda ta fito ta ce, da baki ɗaya, na'urar da ta ɗauki waya ta faɗi cewa ita na'ura ce. Lauya mai kaifin kai zai iya tsamo wannan ma'ana daga cikinsu, amma mai sayar da albasa ba ya yawo da lauya, kuma dokar da sai an je kotu kafin a san abin da take nufi ta masu hali ce. Abin da ake bukata ƙa'ida ce gajera, wadda ba sai an jira Majalisar Tarayya ba, domin NCC da NDPC da FCCPC da Babban Banki kowace tana da ikon ba da umarni ga waɗanda ke ƙarƙashinta. NCC ta taɓa yin irin haka a 2016, lokacin da ta fito da lambar 2442 don tsai da saƙonnin talla da suka addabi jama'a. Ƙa'idar ta ce jimlar farko da za ta fito daga bakin na'ura ita ce sunan kamfani, da cewa ita na'ura ce, da cewa ana ɗaukar magana in ana ɗauka. Ta hana na'ura musanta kanta in an tambaye ta, ko da an raɗa mata sunan mutum. Ta ce duk lokacin da mai kira ya nemi mutum a haɗa shi da mutum, in dare ne kuma a ba shi lokacin da za a kira shi. Farashi ko alkawarin da na'ura ta faɗa ya hau kan kamfani, kuma mai kira ya sami ikon neman kofin maganar in gardama ta taso, tun da ba daidai ba ne shaidar ta zauna a aljihun ɓangare ɗaya.

Batun harshe shi ne inda za a fi yin ha'inci. Abu ne mai sauƙi kamfani ya sa gargaɗin cikin Turanci, a karanto shi da gudu kamar mai tallan magani a tasha, sa'an nan a juya Hausa don sauran magana, in an kama shi ya ce ai ya faɗa. Gargaɗin da mai kira bai gane ba daidai yake da babu. Lalle ne ƙa'idar ta ce harshen da za a yi cinikin da shi, da shi za a yi bayanin, kuma da kalmomin da tsoho a ƙauye zai gane. "Ni na'ura ce, ba mutum ba" ta wadatar, ba sai an kawo wani dogon suna ba.

Kamfanoni za su ce in an faɗa mutane za su ajiye waya. Wasu za su ajiye, gaskiya ne. Amma wannan hujja kanta ta tona asiri, domin ma'anarta ita ce ana riƙe abokin ciniki ne da abin da in ya sani ba zai yarda ba. Kuma ba ƙin na'urar ake yi ba. Wanda ya taɓa ƙone katinsa yana jiran wani ya ɗauka a layin banki, ana kaɗa masa kiɗa minti ashirin, zai yi murna da abin da ke amsawa nan take ko da ƙarfe biyun dare, balle in yana jin Hausa. Wasu kuma za su ce ɓarayi ba sa bin doka, 'yan damfarar da ke kira da sunan banki suna neman lambar sirri ba za su bayyana komai ba. Haka ne, wannan ƙa'ida ba ta kama ɓarawo. Amfaninta shi ne ta raba hanya, in kamfanonin kirki duka suna bayyana na'urarsu, ɓoyewar kanta ta zama laifi da za a iya hukuntawa ba sai an jira an kwashe kuɗin wani ba.

'Yan kasuwar Arewa da ke Kudu su ma wata rana masu talla za su zo musu da ita, musamman masu kamfanin sufuri da masu canji da manyan diloli, a ce musu ta fi yaro araha, ba ta barci, ba ta zuwa gida Sallah. Kafin su sa hannu su tambayi inda muryar abokan cinikinsu za ta tafi, da tsawon lokacin da za a ajiye ta, da ko za a yi amfani da ita a horar da wata na'ura, a kuma rubuta amsar a cikin yarjejeniya, domin a idon dokar 2023 alhakin bayanan yana kan wanda ya tara su, ko da wani ya ba aikin. Kada su bar ta ta yanke farashi ko ta ɗauki alkawarin da ba za su iya cikawa ba. Shugabannin kasuwanni da sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, waɗanda su ake kai wa ƙarar ciniki kafin a je ko'ina, ya kamata su tsai da matsaya tun yanzu cewa abin da na'urar mutum ta faɗa shi ya faɗa.

Shi kuma mai kira, kafin hukuma ta motsa, ba abin da ya hana shi tambaya kai tsaye, "Mutum ne ko na'ura?" ya kuma riƙe rana da lokacin da ya yi kiran. Lambar sirrin katin banki da lambar da ake turowa ta saƙo ba a faɗa wa kowace murya, komai daɗin Hausarta, bankuna da kansu sun sha faɗa cewa ba sa tambayar su ta waya. In rigimar da kamfanin waya ce kuma ya ƙi saurara, lambar NCC ta ƙorafi ita ce 622, kyauta ake kira. In da banki ne, a fara kai ƙara bankin a karɓi lambar shaida, in bai warware ba a wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya.